Kar Ki Yi Wasa

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Kakana, mahaifin babana, ya koma wata Laraba da hantsi, yana kwance a gidan likita a Gidan Rumji, lokacin da rabin garinmu ke gona ana roron wake. Kafin azahar an kawo shi gida, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Mutane sun zo sosai. Dangin Tibiri sun cika mota, na Gidan Sori sun zo a kan amalanke da moto, wato babur, har daga Gangara wasu tsofaffi sun iso da kwalli a ido da goro a aljihu. Maza suka zauna waje ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, mata muka cika tsakar gida. Wani abokin ƙuruciyarsa ya ce Gobir ta yi rashin namiji. Wata maƙwabciya ta ce bai taɓa wuce ta da kaya a kai ba tare da ya tsayar da amalankensa ba. Amma abin da na lura da shi, kusan kowace gaisuwa da hawaye take farawa, ta ƙare a kan tele, wato talabijin. Mace za ta ce Allah ya jiƙan Malam, ta share ido, can sai ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi wa masu dawakin nan faɗa?" Sai dariya ta kuɓuce wa na kusa da ita, kowa ya yi saurin rufe baki da mayafi.

Ni ban yi dariya ba, kuma kukan ma bai zo mini yadda ya kamata ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai.

A wajenmu, idan tsoho ya cika da shekaru ya bar jikoki, ranar sadakar bakwai jikokin kan yi masa wasa. Ɗaya daga ciki ya sa rigarsa da hularsa, ya ɗauki sandarsa, ya fito yana tafiyarsa yana maganarsa, mutane su yi dariya su yi kuka, a sallami jikoki da addu'a. Tun ina ƙarama kowa ya san ni ce mai kwaikwayon Kaka. Da karan dawa nake bin bayansa ina ɗingishi irin nasa, in ya waiwayo ya kore ni da hula. Ko bayan na tafi lakol, makarantar boko, a Maradi, duk hutun da na zo sai Gwaggo, ƙanwar babana, ta ja ni ɗaki ta ce, "Yi mini tsoho in ji daɗi." Saboda haka babu wanda ya tsaya tambayar wanda zai sa rigar.

Ana gobe zai rasu na je duba shi. Baffa, babban ɗansa, yana tsaye wajen kai, Gwaggo tana yi masa fifita. Ya buɗe ido ya gan ni.

"Amarya."

"Na'am, angona."

"Kin zo ki ga ko na tahi, ki yi wani aure?"

"Wa zai kwashe ni, bayan na saba da tsoho mai rowa?"

Ya yi murmushi da gefen baki. Sai ya kama wuyan hannuna, hannunsa ba nauyi kamar busasshen ganye, ya ce, "Ranar bakwai ɗina, ke nika kallo. Kar ki yi wasa."

Na ce to. Ban tambaye shi abin da yake nufi ba, domin tambayar za ta zama kamar na yarda tafiya zai yi.

Ranar sadakar uku maganar ta fito fili. Gwaggo ta ciro babbar rigarsa mai ruwan toka tana kaɗewa, Baffa ya shigo ɗaukar buta ya gani.

"Mi za a yi da wagga?"

"Ta amaryarsa ce. Ranar bakwai."

"Ba za a yi ba. Kina nan ya ce kar ta yi wasa."

"Ina nan, Yaya, kuma da kunnena biyu. Cewa ya yi kar ta yi wasa, wato ta dage, kar ta yi sakaci. In ka aiki yaro ka ce kar ka yi wasa, hana shi zuwa ka yi?"

"In ka ga yaro zai yi wasa ka ce kar ka yi wasa, mi ka ce mishi?"

"Kai dai tun kana yaro ba ka son ganin haƙoran mutane a waje."

"Wasiyya ce," in ji Baffa, muryarsa ƙasa ƙasa. "Maganar ƙarshe ta mai mutuwa ba a juya ta don a ji daɗi." Ya dube ni. "Ke aka faɗa wa. Ke za ki amsa a gabansa."

Ya fita da butarsa. Gwaggo ta ninke rigar ta ɗora mini a cinya.

Daga ranar na rasa sukuni. In na sa rigar, wataƙila na taka maganar ƙarshe da ya yi mini. In na ƙi sawa, wataƙila na bar shi yana kallo ban fito ba. Kalma ɗaya ce, kullum muna faɗinta, ban taɓa sanin tana da ƙofa biyu ba. Na shiga tuno shi, ko zan gane ta wacce ya bi. Duk inda na juya kuma, a gaban tele nake samunsa.

Babana ne ya kawo telen daga Maradi, da batir, da fano mai shan rana ya cika batir, da aka ɗora bisa rufin ɗakin Iya, matar Kaka. Ana kunna shi bayan la'asar a ƙarƙashin rumfa, ya yi aiki har batir ya gaji. Jikoki kan lodo fina-finai a kan katin waya a kasuwar Gidan Rumji, kuma cikin duk abin da suka lodo babu wanda ya kama Kaka kamar fina-finan yaƙin zamanin da, irin na ƙasashen waje da ake juyawa zuwa Hausa, masu dawakai da takubba da ganuwa. Ba ya kallonsu a kishingiɗe. Zai gyara hula, ya miƙe baya, ya dasa sanda tsakanin ƙafafu kamar wanda aka kira shaida.

Duk jarumin da ya burge shi ɗan gida ne. "Wanga Bagobiri ne," zai ce, yana shafa zanen kumatunsa.

"Kaka, fari ne fa, ga gashi har kafaɗa."

"Rana ce ba ta same shi ba. Dubi tsayuwarshi."

Amma bai bar su haka ba. Ya ce surutu ya yi musu yawa: mutum ya zare takobi sannan ya tsaya yana wa'azi, abokin gaba kuma ya tsaya yana saurare kamar ɗan makaranta. Ya ce dawakinsu ba sa cin harawa ba sa kashi, wane irin dawakai ne waɗannan. In aka bar ƙofar gari ba mai gadi, sai ya buga sanda a ƙasa ya ce sarkin yaƙin nan ko garken awaki ba zai ba shi ba. Shi kansa bai taɓa ganin yaƙi ba. Abin da ya sani daga bakin kakansa ya ji shi, yana yaro, a zauren gidansu na Tibiri.

Wata rana na kira fim ɗin wasan kwaikwayo. Ya juyo gaba ɗaya.

"Wanga ba wasa ba ne. Labari ne."

A ƙarshen fim ɗin an nuna fili cike da gawawwaki, sai na ji yana cewa Allah ya jiƙansu. Ni kuwa lokacin ina ji da karatuna. Na ce, "Angona, waɗannan fa da an gama ɗauka tashi suke yi su kaɗe riga su je su ci abinci."

"Na sani, amarya. Kin ɗauka hurhurata ta kai cikin kai? Waɗanda sunka kwanta a madadinsu nika yi wa. Su ba su tashi ba."

Wannan shi ne mutumin da Baffa ya sani, mutumin da kalmar wasa ke ɓata wa rai. Kuma in aka zo kan shirye-shiryen ban dariya da ake nunawa mako mako, hujjar Baffa ƙara ƙarfi take yi. Akwai wanda matan gidanmu suka fi so, na wani maigida da ke ɓoye tuwo a ƙarƙashin gado duk lokacin da ya ji sallamar baƙo. Da an fara kiɗan buɗewa Kaka zai ja tsaki.

"Gardawa da gemu, suna faɗuwa ƙasa don yara su yi dariya. Mutum shi yi shekaru shina tara mutunci, shi zubar da shi yini guda. Shirme."

Sai ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya ba tele baya, ya fuskanci turken awaki yana tufka igiya. Ga zaure, ga inuwar waje, ga masallaci, amma bai taɓa tashi ya tafi ba. Daga baya muke ganin kafaɗunsa suna rawa. In an yi magana ya ce tari ne. Kuma duk da bai taɓa juyowa ba, in wata ta rasa makon jiya, shi ke ba ta labari, wai don ta ga iyakar shirmen.

Gwaggo kuma tana da tata hujjar, kuma ina wurin aka yi. A wani mako ɗaya daga cikin 'yan wasan ya shafa gari a gemu ya fito a tsoho, yana karkarwa yana kaɗa kai. Ranar ce kaɗai na ga Kaka ya waiwayo. Ya dube shi na ɗan lokaci ya ce, "Wanga bai iya tsoho ba. Tsoho ba ya rawar kai haka, ɓoye ta shika yi. Amaryata ta fi shi nesa." Ya koma kan igiyarsa. Yabo ne, ko kuwa hanyar zagin ɗan wasan ce kawai? Na juya maganar a raina har ta daina ba ni ma'ana.

Faɗa mafi girma da na taɓa gani tsakaninsa da Iya, a kan tele aka yi shi. Iya mutanenta daga arewa suka gangaro da dabbobi tun zamanin kakanni, suka zauna suka zama manoma. Labaran yaƙin da ta gada ba irin nasa ba ne. A nata babu mai jan doki, akwai mata da ke gudu da goyo, da rijiyar da aka bari da guga a ciki. Ba ta son fina-finan nan ko kaɗan. Takan ce, "Maza na ta gudu da ƙarfe a hannu, ban ga mai ɗebo musu ruwa ba." Ita mai ɓoye tuwo take so, tana dariya har ta riƙe ciki.

Sai aka shiga wani lokaci da batir ke mutuwa da wuri, daidai ana shirin gwabzawa. Kaka ya zargi batir, ya zargi mai sayar da batir, ya zargi babana da sayen araha. Ranar da ya sa aka jingina tsani aka hau rufi, sai ga faifan kuɓewa an shanya a kan fano, ya rufe rabinsa. Ranakun fim ɗin yaƙi kaɗai kuɓewar ke hawa.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Nan rana ta fi kyau," in ji Iya, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar wake ba.

"Duk faɗin garin ga, sai bisa yaƙina?"

"Yaƙinka? Da wa ka yi shi?"

Ya yi fushi na gaske. Ya ƙaurace wa miyar kuɓewa, ya riƙa aika mata magana ta bakinmu alhali tana zaune kusa da shi. "Ku ce wa mai kuɓewa a kawo ruwa." Ita kuma ta ce, "Ku ce wa sarkin yaƙi randa na inda take." Ban san ranar da suka shirya ba. Na dai ga kuɓewa ta sauka, shi kuma ya bar mata ranarta ta dariya ba tare da gardama ba.

Akwai kuma abin da ya faru a shekarun nan da garuruwan bakin iyaka suka rasa kwanciyar hankali. Wani mutum ya iso garinmu da matarsa, ba su da komai sai tufafin jikinsu. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyensu. Kaka bai san shi ba, bai tambayi asalinsa ba, ya sa aka share musu ɗakin da ke jikin zaure. Mutumin ba ya magana. Yakan zauna ya zuba wa ƙasa ido, in an miƙa masa fura ya karɓa da hannu biyu.

Kaka ya so ya karrama shi da abin da ya fi so. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, aka kunna fim ɗin da yake ganin ya fi kowanne. Da farko lafiya. Da aka zo inda mahara ke faɗa wa wani ƙauye, ga kofato, ga ihun mata, ga wuta a kan bukkoki, sai na ga kwanon furar baƙon yana kaɗawa har tana zuba a rigarsa. Bai iya ko ajiye kwanon ba.

"Kashe," in ji Kaka.

Na kashe. Can ya ce, bai dubi kowa ba, "Sa masu shirmen nan."

Na sa wani da jikoki suka lodo. Ya juya kujerarsa kamar kullum. Mai ɓoye tuwo ya tura kwano ƙarƙashin gado, kaza ta bi shi ciki, baƙonsa na zaune yana tambayar abin da ke motsi. Sai muka ji wata irin dariya, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Baƙonmu ne. Matarsa ta leƙo daga ɗaki don ta tabbatar.

Na matsa kusa da Kaka na ce a hankali, "Angona, ashe shirme na da rana."

"Shirme ne har gobe," ya ce. "Ƙara murya."

Bayan wannan bai daina kallon fina-finan yaƙinsa ba, ko da baƙin suka tashi suka koma wajen danginsu. Sai dai ya riƙa sa a kashe musu murya gaba ɗaya. Dawakai na gudu shiru, bakuna na buɗewa shiru, shi kuma yana zaune da sandarsa, ya daina yi musu faɗa. Na tambaye shi dalili, ya ce ya riga ya san abin da za su ce. Ban yarda wannan ne dalilin ba, ban kuma samu wani ba.

To wanne ne shi a cikin waɗannan? Kowane abin da na tuno, in na miƙa wa Baffa zai karɓa, in na miƙa wa Gwaggo ita ma za ta karɓa.

Ana gobe bakwai na shiga wurin Iya. Tana takaba, zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, carbi a hannu, ta rame cikin 'yan kwanakin nan. Na durƙusa na gaya mata duka.

"Iya, ke kin fi kowa saninsa. Me yake nufi?"

Ta ja carbi. "Ni da anka kawo ni gidan ga tun ban iya tuƙa tuwon mutum biyar ba, har ya tahi ban san lokacin da shika wasa da lokacin da ba ya yi ba. Ke kike so ki sani cikin mako guda?"

"To in yi ko in bari?"

"Ni ba ni da baki yanzu, ɗiyata. Zaman da nika yi ke nan." Ta gyara lulluɓi. "Ya dai ce ke shika kallo. Ni bai ce mini ko haka ba."

Na fito da wannan. Ya ce ni yake kallo. Mutum ba ya kallon wanda ya ɓuya a ɗaki. Amma kuma ana iya kallon mutum don a ga ko zai yi abin da aka hana shi. Na sake komawa inda na fara.

Da safe aka yi addu'a a waje, aka raba waina da gumba. Jikoki suka taru a bayan ɗakin Gwaggo suna jirana. Ban yanke shawara irin ta masu hankali ba. Abin da na iya kawai shi ne na ce a raina: zan sa rigar, amma ba zan nemi dariyar kowa ba. Ba gari a gemu, ba karkarwa, ba ƙari. In yi shi yadda yake, a cikin gida, iyakar abin da na gani. In wasa ne, Allah ya gani. In ba wasa ba ne, shi ma ya gani.

Rigar ta yi mini yawa, tana warin hayaƙin kara da man zafi. Na sa hula, na ɗauki sanda, na fito tsakar gida ina jan ƙafar hagu kaɗan, ina ɓoye jan kamar yadda yake yi. Mata suka fashe da dariya tun kafin in buɗe baki. Na tsaya na dube su ɗaya bayan ɗaya, na ja tsaki, na ce, "Ba ku da aiki?" Dariyar ta ƙaru, Gwaggo tana dukan cinya tana hawaye. Na leƙa randa na ce an bar ta buɗe. Na ɗaga murfin tukunya na ce gishiri ya yi yawa tun kafin in ɗanɗana. Muryar tana fitowa da kanta, daga wani wuri ƙasa da inda tawa take.

Ƙafafuna suka kai ni ƙofar ɗakin Iya, domin nan yake fara tsayawa duk safiya. Na buga sanda sau ɗaya a dokin ƙofa na ce, "Mutanen arewa, an tashi lahiya?"

Daga bayan labule, ba tare da jinkiri ba, Iya ta ce, "Lahiya lau. Ka sha maganinka?"

Dariya ta ɗauke. Na ji numfashinta ya sarƙe a ciki, ta gane abin da ta yi. Sai ta ci gaba, a hankali, ba da ni take ba. "Ka tahi ba ka ko ce mini in gyara maka kaya ba. Haka ake yi?" Ban san amsar da zai ba ta ba. Na tsaya riƙe da sanda, rigar ta yi mini nauyi.

Da na juya sai ga Baffa a bakin zaure, da tiren goro a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Mata suka sunkuyar da kai. Ya dube ni tun daga hula har ƙasa, ya ajiye tiren a kan turmi, ya fita. Na shiga ɗaki na tuɓe rigar. A raina na ce shi ke nan, na saɓa wa mamaci, na kuma saɓa wa mai rai.

Bayan la'asar, da baƙi suka ragu, aka ce Baffa na kirana a bayan gida wajen rumbuna. Na tafi na durƙusa nesa kaɗan. Yana tsaye ya ba ni gefe, yana ɓare kwasfar wake yana zubarwa.

"Na hana, kin yi."

"Na yi, Baffa. Ka yi haƙuri."

Gemunsa ya yi fari fiye da yadda na sani.

"Muryar nan," ya ce. "Kina iya ta ba riga?"

"Ina iyawa."

"Ki kira ni da ita." Ya ɓare wata kwasfa. "Da sunana."

Sai a lokacin na tuna Baffa ɗan fari ne. Kaka mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari. Tun da aka haifi Baffa har ya yi furfura, mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. Ni ma, 'yar ƙaninsa, ban taɓa faɗinsa ba.

Na buɗe baki. Na nemo muryar, ta zo. Na nemo sunan, shi ma ina da shi. Amma sun ƙi haɗuwa. Ban taɓa jin wannan sunan a cikin wannan muryar ba, ban san inda za ta hau da inda za ta sauka ba. In na faɗa, ƙirƙira zan yi, irin ta mai shafa gari a gemu. Na gwada har sau biyu, iska kawai ke fita.

Abin da ya fito a ƙarshe shi ne abin da na saba ji in Kaka na son a kama masa buhu.

"Kai, yaron ga. Zo nan."

"Na'am, Baba," in ji Baffa.

Ya amsa da sauri, har ya ɗan taka ƙafa ɗaya gaba. Sannan ya tsaya. Ya ɗaga hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi. Na kau da kai na dubi rumbu har ya gama.

Da ya sauke hannun na ce da tawa muryar, "Baffa, don Allah, me yake nufi ranar nan?"

"Ban sani ba," ya ce. "Na ɗauka na sani." Ya kaɗe hannuwansa. "Tashi ki je ki ci abinci."

Har yau da nake rubuta wannan ban san ko na bi maganarsa ko na taka ta ba. In na taka, Kaka, ka yafe wa amaryarka, ka san ba da gangan ba ne. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya sa ka huta. Allah ya ba Iya haƙurin zaman da take yi, ya ba Baffa da Gwaggo da babana juriya. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.